Inda Edith Za Ta Cika Hamsin

Tun zafi bai gama kankama ba Edith ta sanar da mijinta cewa ba a Dubai za ta cika shekara hamsin ba. Da safe ta faɗa masa, tana shirin fita asibitin haƙorin da take aikin karɓar baƙi a Al Qusais, shi kuma ya durƙusa yana laluben safarsa a ƙarƙashin kujera.

"Baban Felicity, watan Oktoba Turai za mu."

Yunana ya ɗago kai. "Wace Turai?"

"Turai dai. Inda ganye yake komawa ja idan kaka ta yi, ya riƙa zubowa."

"A Kagoro ma ganye yana zuba."

"Ban tambaye ka Kagoro ba."

Talatin ta same ta a Kafanchan da goyon Felicity. Arba'in ta same ta a bakin aiki, tana amsa wayar wani mai ciwon haƙori yana zaginta da Larabci. Yanzu Felicity tana jami'a a Jos, hutun Edith ya taru, ta kuma rantse wannan karon sai an san ta ƙara shekara. Abin da ya rage kawai shi ne ba ta san ƙasar da za ta ba.

Wadda ta fara kawo ɗauki ita ce Abiba, 'yar Nima ta birnin Accra, wadda ita da mijinta Mutaru suke riƙe da ɗaya ɗakin na gidan da suke haya tare. Abiba ce shugabar masu gyaran ɗakuna a wani ƙaramin otal a Al Buteen. Ba ta taɓa taka Turai ba, amma a ganinta babu ƙasar da ba ta sani ba, tunda ta gyara gadon mutanenta.

"Jamus?" Abiba ta ajiye ludayi a kan tukunyar wake da shinkafa. "Ei, Anti, kada ki fara. Mutanen nan sai sun ninke tawul kafin su bar ɗaki. Wanda yake ninke tawul ɗin otal, yaya za ki sake a garinsu?"

"To Faransa fa?"

"Turare mai kyau paa, sosai da sosai. Amma sai ki gaishe su sau biyu kafin su amsa rabi."

"Italiya?"

Nan Abiba ta yi murmushi. "Waɗannan namu ne. Mutum ya kira uwarsa a waya, har ƙasan bene ana jin hirar. 'Yan Zango ne, fata ce kawai ta bambanta."

Abin da ya ba Edith mamaki shi ne Yunana. Mutumin da ko Sharjah da ke maƙwabtaka da Dubai sai an ja shi, sai ga shi kullum ya dawo daga gyaran na'urorin sanyi, kafin ya yi wanka, ya zauna kusa da ita da sabon gari a baki. Yau Madrid, gobe Munich, jibi Milan. Ya ce akwai tsofaffin majami'u, akwai tarihi, mace mai ibada irinta za ta ji daɗi. Har Edith ta fara jin kunyar yadda ta raina shi. Ranar Lahadi ta yi masa gwaten acca ba tare da ya roƙa ba.

Suna cikin ci ta ce, "Wannan cocin na Milan da kake ta yabo, yaya sunansa?"

Yunana ya haɗiye loma a hankali. "San Siro."

"San Siro," in ji Edith, tana jin daɗin sunan a bakinta. "Waliyyi ne ke nan."

Abiba tana bakin ƙofar kicin. Ta karkata kai kamar mai tuna wani abu, sannan ta ɗaga murya. "Mutaru! San Siro coci ne?"

Daga cikin ɗaki aka ji Mutaru ya fashe da dariya har da tari. "Coci ne mana! Duk mako dubban mutane suna can suna addu'a, kada a zura musu ƙwallo!"

Edith ta dubi mijinta. Yunana ya dubi gwate. Ta miƙa hannu ta janye kwanon daga gabansa.

Washegari ta buɗe taswira a wayarta, ta yi ta tura yatsa sama har sai da ƙasa ta kusa ƙarewa. Ta ce arewacin Norway za su. Ba ta taɓa jin Mutaru ya yi ihu a kan wani gari na can ba, wannan kuma ya ishe ta dalili.

"Maman Felicity, sanyin can ba irin wanda kika sani ba ne."

"A Pankshin na yi sakandare. Da ruwan rijiya muke wanka da asuba. Wane sanyi za a gaya mini?"

"To shi ke nan," in ji Yunana cikin ladabi. "Ranar Asabar ki raka ni aiki, ki ɗan ɗanɗana."

Akwai wani sito a bayan unguwarsu inda ake ajiye daskararrun kaji da kifi, Yunana ne yake kula da injinansa. Edith ta zo da rigar sanyin da ta yi shekaru a ƙasan akwati, ta kuma taho da Abiba a matsayin shaida. Da aka ja ƙatuwar ƙofar, wani farin tururi ya fito ya lashi ƙafafunsu, Abiba ta ja da baya ta ce ita daga nan ma tana iya shaida.

Edith ta shiga da ƙafar dama, kai a sama.

"Ka gani? Daɗi ma."

Yunana ya gyara zaman jibgegiyar rigar aikinsa, ya fara duba wata na'ura yana fito. Edith ta zagaya kwalayen kaji tana karanta rubutun jikinsu kamar mai yawon buɗe ido. Can sai ta ji cikin hancinta ya ƙage. Kunnuwanta suka daina zama nata. Ta ce bari ta ja waƙar coci don ta nuna ko a jikinta, amma haƙora suka riga ta, suka kama kiɗa tun kafin ta fara baiti.

"Yalla, mu fita?" in ji Yunana.

"Ban... ban gama... kallo ba."

Ya tsaya ya dube ta: mace mai shirin cika hamsin, leɓe ya bushe, tana tsaye tsakanin cinyoyin kaji don kawai kada ta ba shi gaskiya. Sai ya cire rigarsa ya lulluɓa mata, ya riƙe hannayenta cikin nasa yana murzawa.

"Ni na jawo," ya ce. "Ranarki ce. Ko ƙarshen duniya kika ce, zan bi ki. Amma don Allah mu yi maganar a waje."

Da suka fito, zafin Agusta ya rufe ta ruf, gilashin idonta ya yi hazo, ba ta ganin komai. Ta buɗe hannuwa ta ce, "Na gode maka, Ubangiji." Abiba ta ce tunda ta san Anti, yau ne ta fara jin ta gode wa Allah a kan ranar Dubai.

"Norway ba ta yi mini laifi ba," in ji Edith, tana goge gilashi. "A ajiye mini ita sai sittin."

Abiba ce ta kai su wurin Sadick, wani ɗan Kumasi mai ofishin tikiti da biza a saman wani shagon turare kusa da bakin ruwa. Ya saurari labarin sito har ƙarshe, yana danne dariya.

"Madam, ai Oktoba ko a can sanyin bai kai na firiza ba. Oga ya ɗan ƙara gishiri."

Edith ta juya a hankali. Yunana ya sami abin kallo a silin.

"Khalas, a bar wannan," in ji Sadick. "Manta da sunan ƙasa. Ranar da kanta, idan gari ya waye, me kike so ki yi?"

Duk watannin nan babu wanda ya yi wa Edith wannan tambayar, har ita kanta.

"Ina so in yi tafiya da ƙafa da tsakar rana," ta ce, "ba ina gudu daga inuwa zuwa inuwa ba. In zauna a waje in ci kifin da bai taɓa ganin ƙanƙara ba. Kada in ji ƙarar waya ko ɗaya."

Sadick ya juyo mata da kwamfutarsa. Wani gari ne a kan tudu, gidaje masu jan rufi sun gangaro har bakin kogi. Ya ce Porto ke nan, a Portugal.

Edith ta daɗe tana kallo. Sannan, ba tare da ta waiwaya ba, ta ce, "Baban Felicity, ina jin numfashinka ya canza. Akwai ƙwallo a nan ma ko?"

"Shwaiya, ɗan kaɗan dai," in ji Yunana da ƙaramar murya.

"Wasa ɗaya. Ba ranata ba. Kuma da ni za ka, ka yi mini bayani."

Biza ta ja musu rai har sai da Edith ta fara azumi a kanta, amma ta fito. Ranar da ta cika hamsin ta ci kifinta a bakin kogi, suka hau tudu a ƙafa, tana tsayawa tana tsintar jajayen ganye, Yunana yana haki a baya. Suna kaiwa sama hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge. Mutanen gari suka watse zuwa rumfunan shaguna, Yunana ma ya bi su, yana yafito ta da hannu.

Edith ba ta motsa ba. Ta cire gilashi ta sa a jaka, ta ɗaga fuska sama. Rabonta da ruwan sama ya yi mata irin wannan dukan tun tana budurwa. Wata tsohuwa a ƙarƙashin rumfa ta yi wa Yunana wata magana da yarensu tana nuna matarsa. Bai gane ko kalma ɗaya ba, amma ya gane faɗa ne. Ya tura wayarsa cikin aljihu, ya fito cikin ruwan ya tsaya kusa da ita.