Sai An Yi Ruwa Uku

Ina turo 'yata Hattie a keken jarirai zan shiga gida na tarar da maƙwabcinmu Mista Orval Dombek a durƙushe a tsakiyar layi, shi da abokinsa Chet. Dattawa biyu, kowanne ya haura saba'in. Orval ya goga yatsa a kan kwalta, ya kai baki ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska. Chet ma ya yi haka. Suka dubi juna suka girgiza kai.

"Da saura," in ji Chet. "Wannan ko kifi ka ajiye a kai ba zai ruɓe ba."

Na ratse su na wuce ban gaishe su ba. Ta tagar falon Dombek ina hango kan gadon asibitin da aka kawo wa matarsa Verna tun watan Janairu. An juya shi ya fuskanci titi don ta riƙa ganin masu wucewa. Abin da take gani ke nan ranar: mijinta yana lasar hanya.

Duk saboda mota ne, wata Buick ta shekarar 1956, koriya mai farin rufi, wadda ke kwance a garejin Orval tun ƙarshen Oktoba. Shi da Chet da sauran 'yan ƙungiyarsu ta masu tsofaffin motoci suna da doka guda da suka fi riƙewa a kan duk abin da ake faɗa musu a coci: taya ba ta taɓa kwalta sai an yi ruwa uku masu ƙarfi bayan ranar ƙarshe da motar hukuma ta watsa gishiri don narkar da ƙanƙara. Gishiri na shiga ƙarƙashin mota ya zama tsatsa, tsatsa ta cinye ƙarfe. Yayyafi ba ya shiga ƙirge. A lokacin Maris na gab da ƙarewa, ruwa ɗaya kacal suka yarda an yi.

Ni da Orval dama ba ma ga maciji. Ranar da zai kwantar da motar a Oktoba ya bar ta tana aman wani farin hayaƙi kusan rabin awa, hayaƙin yana shiga tagar ɗakin Hattie, ita kuwa watanta huɗu, ga ciwon ƙirji. Na fito da ita a kafaɗa na yi masa magana. Ya tsaya ya yi mini dogon bayani a kan yadda man da ke ƙonewa yake lulluɓe cikin injin don kada ya yi tsatsa. Bai tambayi sunan yarinyar ba. Garejinsa yana da na'urar ɗumama ɗaki da wata ta tsotse laima, amma tagar falon da matarsa ke kwance iska na shigowa ta gefenta har labule na motsi. Ni na je da leda da salatif na toshe.

Verna kuwa ba ta da abin ƙi. Shekara talatin tana dafa wa 'yan makarantar firamare abinci. Ita ta nuna mini yadda ake kifa jariri a kan hannu idan cikinsa na murɗawa, lokacin da mijina Dale yake aikin dare ni kuma ina kuka tare da yarinyar. Da ciwon daji ya kwantar da ita, kullum da azahar nakan kai mata romon kaza, in shimfiɗa wa Hattie bargo a ƙasa, in zauna.

A irin wannan zaman ta gaya mini abin da take so. Duk shekara, fitar farko da motar ke yi, bakin tafki suke zuwa su biyu, su sayi soyayyen kifi a takarda su ci a cikin mota, shi yana ta gargaɗinta kada mai ya ɗiga a kujera. Tana son ta sake zuwa sau ɗaya. Ta gaya masa, ya ce ai ta san doka, sai an yi ruwa uku.

Na ce wannan ai ba abin damuwa ba ne. Motata tana nan, akwai wurin keken guragu a baya, gobe ma sai mu tafi. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Corinne, 'yata, tafkin nan na san shi tun kafin a haifi uwarki. Ruwa ne kawai."

"To mene ne, Misis Dombek?"

"Shekara hamsin da ɗaya ina goge takalmina kafin in shiga motar nan. Ina so in ga ya ɓata ta saboda ni, ko sau ɗaya ne."

Ta ce kada in sa baki, so take ya fito daga zuciyarsa. Na yi alkawari, ina jin kamar in je in farfasa fitilun motar da muciya.

Ranar Alhamis aka yi ruwa. Da safe Chet ya zo da wata kwalba mai layukan awo da yake ajiyewa a bayan gidansa, suka tsaya a ƙofar gareji suna ɗaga ta sama suna leƙe. Orval ya ce ruwa ne cikakke. Chet ya ce masa tsoho, idonka ya tafi, wannan bai kai layi ba. Suka kwashe awa guda a kai, har suka buga wa wani ɗan ƙungiya waya ya raba gardama. Aka tashi a kan cewa ya cika ruwa na biyu. Orval ya shigo falo yana murza hannu, ya ce wa Verna saura ɗaya. Ta ce to. A ranar cokali uku na romo kawai ta iya sha.

Asabar da yamma sanyi ya dawo, dusar ƙanƙara ta zuba kamar ba a taɓa yi ba. Lahadi da sassafe ina haɗa wa Hattie madara na ji ƙarar motar hukuma tana tafe a hankali, tana feshin gishiri hagu da dama. Kafin a taso daga coci layin ya yi fari fat. Chet ya leƙo ta tagar motarsa ya ce wa Orval ƙirge ya koma farko. Ya faɗa ne kamar mai ba da labarin sakamakon wasan ƙwallo.

Litinin nas ɗin da ke zuwa duba Verna ta ja ni kicin, domin ta lura ni ce mai sauraro a gidan. Ta ce kwanaki ne suka rage wa Verna, ba makonni ba, ta kuma gaya wa mai gidan sau biyu amma kamar da bango take magana. Na ɗauki Hattie na kai wa Dale, na karya alkawarina.

Na sami Orval a gareji yana zaune a kan bokiti kusa da motar, tamfol a lulluɓe da ita, tayoyinta a sama a kan ƙafafun ƙarfe. Na faɗa masa abin da nas ta ce, ban rage komai ba. Na ce matarsa ba za ta ga ruwa uku ba, da wuya ta ga ɗaya. Ya daɗe yana kallon takalminsa.

"Ba ki san Verna ba," in ji shi. "Ba ta tafiya ta bar abu a rabi. Muddin ba a yi na ukun ba, za ta jira."

"Mutuwa ba ta cikin ƙungiyarku, Mista Dombek. Ba ta san dokarku ba."

Ya ɗaga kai ya dube ni, karo na farko tun da muka tare a layin. Idonsa ya yi ja. Na so in ji tausayinsa, sai na lura hannunsa na kan ƙofar motar yana shafa ta ta cikin tamfol. Ya ce to, zai fito da motar.

Na ɗauka an gama. Dale, wanda ya taɓa aikin kanikanci, ya ce aikin awa ɗaya ne, biyu in ya yi yawa: a sauke ta, a sa batir, a zare soson ƙarfen da aka cusa a bututun hayaƙi saboda ɓeraye, a murɗa makulli. Har ya yi tayin taimakawa. Orval ya ce ya gode, amma ba haka ake ta da mota daga barci ba. Sai an cire fulogogi an ɗiga mai a kowane rami an bar shi ya kwana. Sai an juya injin da hannu. Sai an juye baƙin mai, an duba birki taya bayan taya. Ya nuna mana takardar da ya manna a bango, abu goma sha tara a jere, da rubutun hannunsa. Litinin ta ƙare a na huɗu.

Chet da farko ya ce ba da hannunsa za a yi wannan ɓarna ba. Talata sai ga shi da bindigar feshi da galan na wani mai mai kauri. Ya ce tunda dai Orval ya rantse sai ya shiga gishiri, to a feshe ƙarƙashin motar duka, a bar shi ya kama ya tsane zuwa gobe. Orval ya karɓi shawarar hannu bibbiyu. Ya shigo falo yana warin mai, ya ce wa Verna gobe da ƙarfe goma, babu fashi. Idonta a rufe ta ce, "Tsoho, ka sa ɗan kwalin wuyanka mai ja."

Laraba tun ƙarfe tara na shirya ta. Na goge mata jiki, na sa mata shuɗiyar rigar sanyinta a kan ta barci, na ɗaura mata gyale don babu sauran gashi. Ta nuna jakarta, na ciro jan baki na shafa mata. Na jingina ta da filo uku ta fuskanci titi. Hattie tana ƙasa tana tauna murfin roba.

Goma ta yi. Na leƙa gareji, Chet ya ce man bai gama tsanewa ba. Sha ɗaya da rabi suka ce iskar tayar baya ba ta yi daidai da ta gaba ba. Verna ta tambaye ni sau biyu ko ya ta da motar. Na ce yanzun nan. Karo na uku leɓenta kawai ya motsa.

Wajen ƙarfe biyu numfashinta ya canza, ya riƙa tsayawa yana dawowa. Na buga wa nas waya, ta ce tana hanya. Na buɗe ƙofar kicin da ke kallon gareji na kira Orval da ƙarfi, na ce ya zo yanzu, ya bar komai. Muryar Chet ce ta amsa, wai minti goma, suna kan na goma sha takwas. Ban iya barin ta ba, ban kuma iya barin yarinyar a ƙasa ba. Na koma na zauna a bakin gado na riƙe hannunta.

Sai injin ya tashi. Ya yi tari sau biyu, ya kama, wani sauti mai kauri ya cika gidan har gilashin taga na rawa. Daga baya nas ta ce jin kunne ne abu na ƙarshe da ke barin mai mutuwa, wataƙila ta ji. Ni dai ina kallon fuskarta ban ga alama ba, kuma ba zan yi masa ƙaryar cewa na gani ba. Na goma sha tara a takardarsa shi ne a bar injin ya ɗumama minti goma sha biyar. A cikin waɗannan mintoci ta ja numfashi ta sauke, na jira na gaba bai zo ba. Na rufe mata ido, na gyara gyalen da ya zame.

Ina nan zaune na ga koren hancin motar ya fito a hankali ta gefen gida. A bakin kwalta ta ɗan tsaya. Sannan ta sauka cikin jiƙaƙƙen gishirin, ta kewayo ta tsaya daidai ƙofar gida. Orval ya fito sanye da kwat da jan ɗan kwalin wuya, ya zagaya ya buɗe ƙofar gefen fasinja, ya shimfiɗa bargo a kujera, ya tsaya riƙe da ƙofar yana kallon taga.

Na ɗauki Hattie na fita. Na tsaya a matakala ta ƙarshe, na juya mata fuska zuwa ƙirjina saboda hayaƙi.

"Ta shirya?" in ji shi.

"Tun ƙarfe tara take a shirye, Mista Dombek. Ta rasu."

Ya rufe ƙofar da hannu biyu, a hankali, yadda ba za ta bugu ba. Ya cire hularsa, ya bi ta gefena ya hau matakala, bai ko goge takalmi ba. Makullin yana jiki, injin yana ta aiki.

Wata motar kai kaya ta shigo layin da gudu, ta watsa wa Buick ɗin ruwan gishiri tun daga fitilar gaba har ƙofar baya. Chet, da yake tsaye a bakin hanya, ya zaro ƙyalle daga aljihu. Ya dube ni, ya mayar. Muka tsaya mu uku, ni da shi da Hattie, ruwan yana gangarowa a jikin koren fentin, yana bushewa, yana barin fararen layuka.