Tsagar Gidan Su Rahama

Rahama tela ce a Funtua, amma a wani ƙauye bayan Dayi aka haife ta, a gidan Maguzawa. Tana jaririya wanzami ya yi mata tsagar gidansu, daga gefen baki har kunne. Ta musulunta, ta yi aure, ta haihu, duk da haka matan da ke kawo mata ɗinki kuncinta suke fara kallo. Wata ta taɓa ƙin shan ruwa a kofinta. Tun daga ranar Rahama ta daina zuwa biki da suna, in fita ta kama kuma sai da takunkumi.

Mijinta, Malam Sada, ya ce shi bai ga aibu ba. "Da ita na gan ki, da ita na aure ki."

"Kai kaɗai ne, Malam," in ji ta.

Da ya ga tana ta ramewa, sai ya raka ta wani asibitin kuɗi a Kaduna. Likitan fiɗa bai ɓoye mata ba: tsagar za ta dushe, amma ba za ta ɓace sarai ba. Aka yi aikin. Da wurin ya warke, sai wanda ya matso kusa ke ganin alama. Ta ajiye takunkumi, ta je sunan maƙwabciya, har aka ji dariyarta.

Da kaka ta yi, ta je ganin gida. Ta tarar da uwarta, Tsohuwa, tana sheƙar dawa. Tsohuwa ta daɗe tana kallonta.

"Ciwo kika yi?"

"A'a, Inna. Ni na sa aka cire."

"Irin ta ubanki ce fa. Tunda ya rasu, a fuskarki nake ganinsa."

"Na gaji ne, Inna. Duk inda na shiga, ita ake gani, ba ni ba."

Tsohuwa ta miƙa mata faifai, suka ƙarasa aikin tare.

Washegari ta ƙulla mata daddawa, ta rako ta bakin titi. "In kin samu sauƙi a can, shi ke nan," ta ce. "Amma in kina da hotonki na da, ki aiko mini."

Rahama ta riga ta goge hotunan duka daga wayarta tun ranar da aka kwance mata bandeji. Ta ce, "To, Inna," ta shiga mota.