Dunduniyar Ɗanbaba

Duk mai ƙetare ruwa zuwa Yelwan Yawuri ya san Ɗanbaba mai jirgi, ya kuma san injinsa ba ya ko tari. Shekara tara yana ɗauko mutanen tsallake da safe, bai taɓa barin kowa a tsakiyar ruwa ba. Abu guda ne ya gagare shi a duniya, shi ne Turanci. Sau biyu yana zama jarrabawar ɗaukar ma'aikatan kula da hanyoyin ruwa, sau biyu lissafi na ɗaga shi, Turanci na maka shi da ƙasa. A ba shi ɗan labari a ce ya karanta ya amsa tambayoyi, sai ya ji kalmomin suna zille masa kamar tarwaɗa a hannu. Ga shi bana shekararsa ashirin da tara, daga talatin kuma ba a karɓar takardar mutum. Wannan ce ta ƙarshe, saura mako bakwai.

Cikin fasinjojinsa na kullum akwai Malama Rebecca, dattijuwa mai tabarau, wadda ke zaune a tsallake tana koyar da Turanci a wata sakandare ta Yelwa. Wata safiya ya cire kunya ya roƙe ta.

"Malama, don Allah ki taimake ni da darasi, ko na rabin awa da marece."

"Ɗanbaba, yara ɗari biyu gare ni, ga jikoki. Marecena ba nawa ba ne. Amma in muna cikin jirgi, tambayi abin da kake so."

To, nan fa ake yin ta. Ƙetarewar duka minti ashirin ce, inji kuma na ruri, ko ihu ka yi ba a ji. Ɗanbaba ya kwana biyu yana juya maganar, a rana ta uku dabara ta faɗo masa. Suna kaiwa tsakiyar ruwa ya ɗora dunduniya a kan tiyon fetur, ya danne a hankali. Inji ya yi tari, ya yi atishawa, ya mutu murus.

"Mi ya hwaru?" in ji Inna Halimatu mai albasa, wadda ke sauri ta riski motar Kwantagora.

"Zahi ya ɗauka, Inna. Sai ya huce."

Ya buɗe murfi, ya leƙa, ya girgiza kai irin na masana. Sannan, kamar abin bai dame shi ba, ya zaro littafin tsofaffin tambayoyi daga cikin leda.

"Malama, tunda dai zaune muke..."

Rabin awa cur injin ya yi yana hucewa. Ranar ya koyi yadda ake fara karanta tambayoyi kafin a shiga labarin. Bayan kwana biyu injin ya sake ɗaukar zafi, ya koyi yadda ake gane ma'anar baƙuwar kalma daga maƙwabtanta. Kafin mako uku injin nan ya zama majinyaci, kuma wani irin ciwo gare shi mai tarbiyya, ciwon ba ya tashi Asabar da Lahadi, ba ya tashi ranar da Malama ba ta shigo ba. Fasinjoji suka yi ta ba da shawara, wani ya ce a kai wa Sallau makaniki, wani ya ce a nemo rubutu a yayyafa masa. Inna Halimatu kuwa sau uku mota na tafiya ta bar ta da buhuna a bakin tasha. Ɗanbaba ya ji babu daɗi, amma ba har ya ɗaga ƙafa ba.

Abin da bai lissafa ba shi ne, matar da ta shekara talatin tana tsaron ɗakin jarrabawa ba fuskar mutum take kallo ba. Ƙarƙashin benci take kallo.

Ran wata Litinin jirgi ya cika maƙil. Inji ya mutu a inda ya saba, Ɗanbaba ya kai hannu ga ledarsa, sai Malama ta ce, "Bar littafin nan. Yau ni na rubuto maka."

Ta miƙo takarda guda, labari a sama, tambayoyi biyar a ƙasa.

"In ka ci duka, na ba ka awa guda kullum bayan la'asar har ranar jarrabawa. In ka faɗi, na san ɓata bakina nake, gobe jirgin wani zan shiga. Kuma da ƙarfi za ka amsa, da Turanci, sannan ka mayar da Hausa. Wanda bai iya faɗa wa innarsa abin da ya karanta ba, bai gane ba."

Ɗanbaba ya yi bisimilla ya fara. Layin farko ya shige sumul. Na biyu ma haka. Wani daɗi ya taso masa tun daga ciki, don tunda yake bai taɓa karanta Turanci ya ji yana shiga kansa kamar hira ba. Labarin wani mai jirgi ne a bakin wani babban tafki, mutumin kirki, mai son karatu. Ya yi murmushi. Mai jirgin yana da inji lafiyayye. Murmushin ya ɗan rage. Mai jirgin yana da dunduniyar hagu.

Gumi ya keto masa da sanyin safiyar nan. Babu kalma ɗaya da ta zille. Yau da yake roƙon Allah su zille, sun zauna daram suna kallonsa.

Ya ɗago ido. Malama tana goge tabarau da bakin gyale, ko a jikinta. Ya auna abin. In ya ce bai gane ba, asirinsa ya rufu, darasi ya tafi, aikin da yake mafarki ya bi ruwa. In ya gane, ga Inna Halimatu nan zaune, tazarar hannu ɗaya tsakaninsu, kuma hannun nata ya saba ɗaga buhu.

"Tambaya ta ɗaya," in ji Malama. "Me ke damun injin?"

Ya amsa da Turanci.

"Daidai. Faɗa wa jama'a."

"Wai... babu abin da ka damunai."

"Injin wa?" in ji Inna Halimatu.

"Na cikin labari, Inna."

"Ta biyu. Me mai jirgin ke yi in sun kai tsakiyar ruwa?"

Ya amsa, ya fassara. Idanu ashirin da wani abu suka sauka a kan ƙafarsa ta hagu lokaci guda. Da ma ya manta bai ɗauke ta ba. Wani tsoho mai kaji ya fashe da dariya har kwandonsa ya kusa faɗawa ruwa. Ta uku ta tambayi dalilin da ciwon ba ya tashi ran Asabar. Ta huɗu ta tambayi sau nawa mota ta bar mai albasa, kuma wace kalma ce a labarin ta nuna mai jirgin ya san yana cutar ta. Ya nemo kalmar, ya nuna ta da yatsa. Wannan ta fi sauran yi masa ciwo, don gaskiya ce.

"Ta biyar. Marubuciyar ba ta ƙarasa labarin ba. A ganinka, me ya kamata ya biyo baya?"

Ɗanbaba ya ajiye takardar. Wannan bai yi ta da Turanci ba. Ya durƙusa cikin ruwan da ya taru a gindin jirgi, ya ce, "Inna, ki gahwarce ni. Jama'a, ku gahwarce ni. Tsoro ne ya sa ni. In na hwaɗi wagga, ba ni da wata."

Malama ta ɗauki takardar, ta zaro jan biro, ta rubuta biyar bisa biyar.

"Bayan la'asar," ta ce. "Kada ka makara, tunda yanzu injinka ya warke."

Inna Halimatu ba ta ce ta yafe ba. Ta tashi, jirgi na tangaɗi, ta tsallake buhuna ta zo ta zauna dab da inji, ta ɗora tiyon fetur a kan cinyarta ta riƙe.

"Ja mu tahi, ɗan nema," ta ce. "Kasuwa ukku ka cinye min kan bokon ga. Wallahi ka kuskura ka hwaɗi jarrabawar nan, kada ka dawo Yawuri."