Gilashin da Aka Liƙa a Bangon Baba

Ƙasar garinmu Kitengela, kusa da Nairobi, baƙa ce, kuma ba ta da alkawari. Da damina ta kumbura, da rani ta dare har ka zura hannu. A kanta mahaifinmu Ndambuki ya gina gida da hannunsa, kuma duk wanda ya kushe gidan nan, to da Baba ya ja faɗa.

Bara tsaga ta fito a bangon ɗakin kwanansu, daga tushe ta haura a karkace har gindin taga. Yayana Musyoka ya zo daga Nairobi da wani magini mai suna Kioko. Kioko ya zura yatsa, ya ƙwanƙwasa, ya ce tsaga iri biyu ce, akwai wadda ta tsaya, akwai mai tafiya. Sai ya gicciya siririn gilashi a kanta ta waje, ya liƙe bakinsa biyu da siminti.

"In bai fashe ba har ruwa ya sauka, shafe kawai za a yi," in ji shi. "In ya fashe, tushen ne ke motsi."

"In ya fashe ku tattara ku dawo wurina a bene," in ji Musyoka.

"Ni a bene?" Baba ya ce. "Sai dai ka ɗauki gawata."

Ni ce ke kusa da su, don haka duk Asabar nake leƙawa. Kafin in ajiye jaka Baba zai ja ni bayan ɗaki ya nuna min gilashinsa garau, yana cika yana batsewa. Amma ni ba makauniya ba ce. Tsagar da ke cin yatsa ɗaya ta koma cin biyu. Gilashin kuma yau siriri, wani makon mai kauri irin na taga. Ran nan na ga hoton aurensu a falo ba gilashi.

Na yi sammako ranar da ba su zata ba, na iske Mama tsugune a gindin bangon da siminti a gwangwani, tana liƙa sabon gilashi a madadin wanda ya fashe.

"Mama! Me kike yi haka?"

"Rufa min asiri, Kavata. Kin san ubanki. A ɗora shi a bene, ba awaki, ba lambu, ai kashe shi za a yi."

Raina ya ɓaci, tsoro ya kama ni, ga kuma tausayinta. Ban kai ga magana ba sai ga Baba ya zagayo da kofin shayi.

"Maman Musyoka, kin sake cika ruwa a simintin. Kullum sai na bi bayanki na gyara."

Mama ta saki gwangwanin. "Au, dama ka sani?"

"Wa ya gina gidan? Tun gilashin farko na ji ƙarar fashewarsa."

"Shi ne ka bar ni ina wahala, tsohon banza?"

"To na ga kina ji da ni, sai in hana ki?"

Ta harare shi, idonta ya ciko. "Shi ya sa ka ƙwace min gefen bango a gado, wai iskar ƙofa na taɓa maka ƙirji?"

Baba ya ajiye kofin, ya zura hannu cikin tsagar, sai ga shi ya shige har wuyan hannu. Ya daɗe a haka, kamar mai taɓa goshin yaro marar lafiya. Ban taɓa ganin ya tsufa ba sai ranar.

"Kavata, kira min yayanki."

"Baban Musyoka, kada ka yi," in ji Mama. "Za mu lallaɓa."

"Mun lallaɓa ai. Jiya har can gefenki ƙasa ta zubo miki a gashi kina barci, ni na kakkaɓe." Ya juyo gare ni. "Ki ce masa ya zo da mota babba. Uwarku ba ta tafiya ba tukwanenta."