Ƙwan Jos a Hannun Jaji

Mashkura ta tsuguna a gindin motar ta yage selotif ɗin kwalin da haƙori, don tun sha ɗaya na safe take tsaye a tashar Dutse, ga shi har an kira la'asar. Ƙwai talatin ne a ciki, na kajin birahma, manyan nan masu gashi har ƙafa, da ta yi oda daga wata gona a Jos. Ba na ci ba ne, na ƙyanƙyasa ne. A gidanta da ke Fagoji kajin Hausa uku sun kama kwanci a mako ɗaya, abin da ta yi wata biyar tana jira. Da safen nan ta kwashe nasu ƙwan ta dafa wa yara don ta sa musu waɗannan. Kaza kuwa in ta kwana biyu a kan wofi, tashi take ta kama kiwonta.

Ta ɗaga murfin. Ƙwai talatin cif, tas da su, har sheƙi suke, ga ƙanshin sabulu. A hoton da mai gonar ya turo mata jiya, kowane ƙwai da kwanan watansa a rubuce da fensir, wasu ma da ɗan kashin kaji a jiki. Waɗannan ko ɗigo babu.

Direban, Malam Jaji, yana zaune a benci yana fifita da hularsa.

"Malam Jaji, wannan ba kayana ba ne."

"Naki ne, Hajiya. Ga sunanki nan a kwali. Ƙirga ki gani, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba."

"To ina rubutun jikinsu?"

Ya yi murmushi irin na wanda ke jiran godiya, sannan ya kwashe labari ya ba ta. A but ya sa kwalin, gefen buhunan dankali. Bayan Ningi mota ta faɗa rami, buhu ɗaya ya kwanto a kansa. Sai da suka tsaya a Birnin Kudu ya ga ƙwanduwa tana ɗiga.

"Ni kuma shekara ashirin da biyu ina kan hanyar nan, ban taɓa kai wa mutum saƙo da giɓi ba," in ji shi. "Nan take na je wajen mai shayi na cike miki gurbin waɗanda suka fashe. Sauran duk sun yi dumu-dumu da ƙwanduwa, na sa sabulu na wanke su ɗaya bayan ɗaya da hannun nan nawa. Fasinjoji har zagina suka yi saboda ɓata lokaci."

Mashkura ta miƙe tsaye.

"Ƙwan mai shayi? Kajin kejin da tun da aka halicce su ba su taɓa ganin zakara ba? Malam Jaji, ko shekara kaza ta yi a kansa, ba abin da zai fito sai wari! Nawa kuma ka wanke? Wa ya ce maka ana wanke ƙwan ƙyanƙyasa? Ga lambata a jikin kwali, me ya hana ka kira ni?"

"Na ga bai kai a tayar miki da hankali ba."

"Guda nawa suka fashe?"

"Goma sha wani abu."

"Wane abu?"

Ya kalli sama, ya sosa ƙeya. "Sha biyu. Ko dai sha bakwai. Gaskiya ban riƙe ba."

"To nuna min naka, in ware."

Ya leƙa kwalin ya jima, ya taɓa wannan, ya taɓa wancan. Duk launinsu ɗaya, ruwan ƙasa. Ya janye hannunsa.

Kafin ka ce me, mutane sun taru. Wani dattijo na ƙungiyar direbobi ya matso yana jan carbi.

"Hajiya, a yi haƙuri. Ƙwai ai ƙwai ne. Da wani direban ne, a fashe zai miƙo miki ya ja motarsa."

"Wallahi Baba da ya fi min!" ta ce. "Da na san wanda ya fashe, na san wanda ya rage."

Ba wanda ya fahimce ta. Wani mai rake ma ya sa baki, wai irin Jaji sun yi ƙaranci a zamanin nan. Haka ake yi: wanda aka ɓata wa shi ake tarar wa da haƙuri, shi kuma mai ɓarnar ana shafa masa baya. Ta kira mai gonar, ya ce shi lafiya ƙalau ya danƙa kayansa, wani ƙwan kuma sai bayan wata guda. Ta rungumi kwalinta ta shiga adaidaita, tana jin Jaji a baya yana gaya wa mutane cewa mata ba su san alheri ba.

A gida ta shimfiɗa zani a tsakar gida ta jera su. Ta ɗaga wannan ta duba a rana, ta gwada nauyin wancan a tafin hannu, ta sa tabarau tana neman ko ɓurɓushin fensir. Jaji ya iya wanki, ba ta samu komai ba. Sai bayan mako guda za ta iya haskawa da tocila ta san mai rai da marar rai, a lokacin kuma ba sauran gyara. Ko nata na gaskiyar ma, Allah kaɗai ya san abin da sabulu ya bari, don wanki kan lalata ƙwan ƙyanƙyasa.

Daga akurki jar kaza, ɗaya daga cikin ukun, tana ta gurnani a kan wofi. Rana ta kusa faɗuwa. Mashkura ta yi tsaki, ta raba ƙwan goma-goma yadda hannunta ya faɗa, ta durƙusa a bakin akurkin. Kazar ta buɗa gashi ta kai mata sara, sannan ta sa baki ta riƙa janyo su ƙarƙashinta ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kada wani ya bugi wani. Na Jos da na mai shayi, duk ta lulluɓe su da kulawa ɗaya.

A nan ne hawayen baƙin ciki suka zubo wa Mashkura. Kazar ta gyara zama, ta lumshe ido, ta fara kwana ashirin da ɗayanta.