Tagar da Baba Bobai Ya Zo Gani

Halliru ya turo Baba Bobai a keken guragu ta ƙaramar ƙofar cocin, sai ya ja ya tsaya cak.

"Injiniya, lafiya?" in ji tsohon.

"Baba, kaburbura ne a ƙasan nan."

Haka kuwa abin yake. Tun daga bakin ƙofa har ƙuryar cocin, daɓen duwatsu ne masu faɗi, kowanne da sunan mamacin da ke ƙarƙashinsa, ƙafafun mutane sun cinye rabin rubutun. Shi ko Halliru tun yana yaro a Zariya aka hore shi: ba a taka kabari.

Maƙwabta ne a unguwar Perry Barr, nan ƙasar Turawa, inda Halliru ke aikin injiniyan gini. Baba Bobai tsohon direban bas ne, mutumin kudancin Kaduna, ƙafafu sun ƙi, ga ido yana tafiya. Baturen da ya gina cocin ƙauyensu daga ƙauyen da wannan coci yake ya fito, ya kuma bar musu hoton babbar tagar cocin nan, fari da baƙi. Yana yaro, a gaban wannan hoto ne mahaifiyar Bobai ke zaunar da shi tana koya masa addu'a. Da likita ya ce ganin ba zai kai baɗi ba, abu ɗaya ya roƙa, a kai shi ya ga tagar.

Halliru ya duba hagu ya duba dama. Bango mai kaurin gaba guda, ginin bakan gizo na jan dutse da ya kusa shekara ɗari takwas, rufin katako da ya yi baƙi don tsufa. A wata rana da sai ya wuni yana kallo. Yau hanyar da ba kabari yake nema, babu.

"Daga nan ba ka hangowa?"

"Haske kawai nake gani." Tsohon ya dafa hannun Halliru. "Bar shi, ɗana. It's okay. Ai na shigo."

Wannan maganar ce ta sosa wa Halliru zuciya. Ya sunkuya ya cire takalmansa ya ajiye gefe.

"Bayin Allah, ku yi haƙuri," ya ce da duwatsun. "Baƙo na kawo muku."

Ya tura keken a hankali, sanyin dutse yana ratsa safarsa, yana ta ba kowane suna haƙuri. Baba Bobai na dariya har da tari.

"Turawa ne fa, ba sa jin Hausa."

"Sorry ɗin ma na haɗa musu."

A gaban tagar dariyar ta ɗauke. Rana ta bugi gilashin, ga makiyayi ɗauke da ɗan rago a kafaɗa. Tsohon ya daɗe yana ƙifta ido.

"Ashe rigar ja ce," ya ce. "Mama ta rantse shuɗiya ce."

Ya ɗaga kai, ya ƙanƙance ido, ya kasa.

"Can sama fa? Ban kai ba."

Yatsun ƙafar Halliru sun riga sun ƙandare don sanyi. Ya gyara tsayuwa a kan dutsen wani Thomas, ya sake ba shi haƙuri, sannan ya fara faɗa wa tsohon launukan ɗaya bayan ɗaya.