Jan Fenti a Gwangwanin Zamzam

A Tandabawi, unguwarmu a Makka, sana'ata ɗaya ce: in liƙe bakin gwangwanin Zamzam da dalma, in rubuta sunan mai shi da jan fenti don kada ya ɓace a jirgi. Shekara ashirin ina yi, ba wanda ya taɓa ce mini kanzil, sai a hajjin 1965 da wani ɗan Koriya ya tsaya gabana.

Ya ce sunansa Umar Pak. Ni dai ban taɓa jin akwai Musulmi a ƙasar nan tasu ba, kuma Makka ba garin da kowa ke shiga ba ne. Da gurguwar Larabci ya ce ruwan na 'yarsa ne Sunhi, tana kwance ba lafiya, jirginsa zai tashi daga Jidda ranar Alhamis. Ya miƙo takarda mai sunanta da rubutunsu, 'yan sanduna da da'irori kamar hatimin 'yan tsibbu. Na kwafa dai, ina yi ina kallonsa ta wutsiyar ido.

Yana ganin jan fentin ya kurma ihu. Ya fizge gwangwanin, ya shiga kankare sunan da farce har yatsansa ya yi jini.

"La, la! Ahmar, maut!" in ji shi. A wurinsu, wai, matattu kaɗai ake rubuta wa suna da ja.

Raina ya ɓaci. Ni Rabe za a mayar ɗan iska a bakin rumfata? Na sake rubutawa da baƙi, ya rungume abinsa ya tafi yana waiwaye.

A gida na ba matata Zainabu labari. Ta ce, "Malam, camfi ne kawai. Kai ma ai ba ka bari a yi shara bayan magariba."

"Wannan daban. Mutumin nan akwai lauje cikin naɗi. Musulmin kirki zai ji tsoron fenti?"

"Ka bar baƙon Allah ya tafi, fisabilillahi."

Ban bari ba. Washegari na bi sawunsa har masaukinsa. Na ga yadda yake tsallake dokin ƙofa da taka-tsantsan, ko kusa ba ya taka shi, zargina ya ƙaru. Ranar Laraba na je na tsegunta wa shurɗa, 'yan sandan garin, cewa akwai wanda ya shigo da rigar Musulunci ta aro.

Kwana uku suka riƙe shi suna bin takardunsa. Ba su sami komai ba. Ya kawo Fatiha tsaf, muɗawwifinsa, mai yi masa jagoran aikin hajji, kuma ya tsaya masa. Amma jirgin Alhamis ya riga ya tafi, na gaba sai bayan kwana goma.

Ana saura kwana biyu ya tashi sai ga shi a rumfata, gwangwanin a hannu ɗaya, takardar waya a ɗayan. Na ɗauka ya gano ni. Ashe bai san wanda ya kai shi ba. Ya ma gaishe ni hannu bibbiyu.

"'Yata ta rasu jiya, ya Malam Rabe," in ji shi. "Da na tafi Alhamis, da na same ta."

Kunya da nadama suka rufe ni, na rasa inda zan sa idona.

Ya ajiye gwangwanin a gabana, ya nuna kwalbar jan fentin da na tura ƙarƙashin benci.

"Yanzu ka rubuta da ja," ya ce. "Hannunka yana da kyau."